Kafin A Busa Usur

Hirarmu ta wannan wata ta ƙwallo ce, amma ba ta cikin fili ba. Ta kwanakin da ke gabanin wasa ce, waɗanda a ganina sun fi minti 90 ɗin zafi.

Duk mazaunin New Bell ya sani, da zarar an ce Kamaru za ta kara da Nijeriya, to gari ya ɗauka. Tun saura mako guda gidajen rediyo ba su da wani zance. Jaridu su cika da zaki da gaggafa, kai ka ce yaƙi za a fita. 'Yan bensikin su ɗaura tuta, mai shayi ya zama koci, wanda bai taɓa taka leda ba shi ne zai gaya maka ci nawa za a yi. Ga waya kuma ta zo, kowa ya zama ɗan jarida.

Abin yana da asali. Sau uku ƙasashen biyu suka haɗu a wasan ƙarshe na Kofin Afirka, kuma duk Kamaru ce ta ɗauka: 3-1 a Abijan a 1984, da 1-0 a Kasabulanka a 1988 da fenaritin Emmanuel Kundé, sai na Legas a 2000. A wannan na ukun an tashi 2-2, Samuel Eto'o da ya taso a nan New Bell shi ya fara ci, aka je bugun fenariti. Ƙwallon Victor Ikpeba ta daki ƙarfe ta faɗa bayan layi, alƙali bai ba da ita ba, kuma har gobe 'yan Nijeriya ba su manta ba. Su ma sun rama: 3-2 a Masar a 2019, da 2-0 a Abijan ran 27 ga Janairu 2024, duka biyun daga ƙafar Ademola Lookman. Kowane ɓangare da tabonsa, masu labarai kuwa sun san inda za su sosa, domin da haka suke samun kasuwa.

To, mu fa? A irin wannan mako ne maƙwabcin da kuka shekara ashirin tare zai dube ka ya ce, "Alhaji, kai wa kake goyon baya?" Da dariya yake tambaya, amma ba kullum ba ne take tsayawa a dariya. Da yawanmu a nan aka haife mu, a nan aka binne iyayenmu, katinmu na Kamaru ne, amma ga kawu a Kano, ga gwaggo a Yola. Manya suna tuna yadda wannan tambaya ta yi nauyi a zamanin rikicin Bakassi, kafin Kotun Duniya ta yanke hukunci a 2002.

Ana gobe wasan 2024, wani yaro mai tsire a Kotto ya biye wa masu saye, gardama ta yi tsami, ya faɗi abin da bai kamata ba. Da Kamaru ta sha kashi, sai da ya yi kwanaki bai kunna wuta ba don tsoro, dattawan unguwa suka shiga tsakani. Wani kuma ya ji masu sharhi sun rantse, ya zuba jarinsa a caca. Masu sharhin sun koma aiki washegari. Shi har yau yana biyan bashi.

Ba cewa nake a daina kallo ba. Ni ma ina gaban talabijin tun kafin a rera taken ƙasa. Wanda ke son Zakuna ya so su a fili, ƙasarsa ce, ba ya bukatar izinin kowa. Wanda zuciyarsa ke wajen Super Eagles, wannan ma ba laifi ba ne. Sai dai a kama baki, domin magana zarar bunu ce. Iyaye su ja kunnen samari, kuɗin jari kuma ya kwana a aljihu.

'Yan wasan nan suna musayar riga bayan an tashi, su hau jirgi su koma Turai. Mu ne za mu wayi gari a layi ɗaya, famfo ɗaya, kasuwa ɗaya.

Allah Ya ba mu zaman lafiya. Sai wata mai zuwa, in muna da rai.