Ra'ayinmu: Gicciye Da Bazara

Kowace shekara Ista takan iske mu a lokaci ɗaya. Bisa ga lissafin da Ikkilisiya ta gada tun bayan babban taron Nikiya na shekarar 325, ranar tashin Ubangijinmu daga matattu takan faɗa ran Lahadi ta fari bayan cikar wata da ke biye da 21 ga Maris, watau ba ta riga 22 ga Maris, ba ta kuma wuce 25 ga Afrilu. A ƙasashen Turai wannan shi ne lokacin da sanyi ke janyewa, itatuwa su yi toho, shi ya sa katunan gaisuwar Ista da ke zuwa mana daga can suke cike da furanni. Mu kuwa a Kalgo da Gwandu da sauran garuruwan Jihar Kebbi, Ista tsakiyar bazara take zuwa, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ruwan rijiya ya yi nisa, rumbu ya soma nuna gindinsa, ga kuma sauran watanni kafin sabon gero ya nuna. Ba mu ganin wannan a kan rashin sa'a. A ganinmu ma bazara ta fi furanni bayyana ma'anar gicciye, in dai mun yarda mu koya.

Da farko ya kamata mu tuna da abin da gicciye yake kafin ya zama alamar da ake kafawa a kan majami'a ko a rataya a wuya. Hukuncin kisa ne wanda Romawa suka keɓe wa bayi da 'yan fashi da masu tawaye. Shekara 71 kafin haihuwar Almasihu, bayan sun murƙushe tawayen bayi, sun gicciye mutum wajen 6,000 a bakin babbar hanyar da ke shiga birnin Roma domin kowane matafiyi ya gani ya ji tsoro. A shekarar 1968 masu tonon kayan tarihi sun sami ƙashin diddigen wani mutum a Urushalima da ƙusa a soke a ciki, shaidar yadda ake yin abin a zamanin da Ubangijinmu ya yi rayuwa a duniya. Ga Bayahude kuma abin ya wuce azaba kaɗai, gama Attaura ta lasafta wanda aka rataye a bisa itace la'ananne ne (Kubawar Shari'a 21:23). Wannan mutuwa ta kunya ita ce Yesu Almasihu ya karɓa a Golgota a zamanin gwamna Bilatus, da yardar kansa.

Me ya sa? Manzo Bulus ya ba da amsa da kalmar da kowane magidanci ya sani a bazara, watau bashi. A Kolosiyawa 2:14 ya kwatanta zunubanmu da takardar bashi wadda ke tsaye a kanmu, ya nuna Allah ya soke ta, ya kafe ta da ƙusa a jikin gicciye. Wanda ya taɓa cin buhun dawa bashi a watan Afrilu a kan zai biya biyu da kaka ya san yadda barci ke ƙaurace wa mai bashi, ya kuma san irin sanyin da zai ji da wani zai zo ya biya masa duka, ya yage takardar a gabansa. Abin da ya faru ran Jumma'a Mai Kyau ke nan. Ba mu biya ko kwabo ba, ba za mu iya biya ba. Azuminmu na kwana 40, da baikonmu, da zakkarmu, da tafiya Hanyar Gicciye da 'yan'uwanmu Katolika ke yi kowace Jumma'a a lokacin azumi, duka godiya ce saboda bashin da aka rigaya aka biya. Tashinsa ran Lahadi kuwa shi ne shaidar Allah ya karɓi biyan.

Wannan muke koya wa 'yan ajin baftisma, kuma yawancinmu mun haddace shi. Inda muke tuntuɓe shi ne sashi na biyu, inda Ubangiji ya ce mai son binsa sai ya ƙi kansa ya ɗauki nasa gicciye kowace rana (Luka 9:23). A nan akwai kurakurai biyu da suka yi yawa a tsakaninmu.

Kuskure na fari shi ne na masu wa'azin da ke tsallake Jumma'a su dira a kan Lahadi. A bakinsu mai bi na gaskiya ba ya ciwo, ba ya talauci, in kuwa ya talauce to bangaskiyarsa ce ta kasa, ko kuwa bai shuka isasshen kuɗi a hannun mai wa'azi ba. Irin wannan koyarwa takan kwashe ɗan abin da ya rage a hannun gwauruwa, ta bar ta da yunwa da zargin kanta. Wanda muke bi ya ji ƙishirwa a kan gicciye har ya faɗa da bakinsa (Yahaya 19:28). Ba shi yiwuwa bawa ya fi ubangijinsa.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa domin yana sanye da rigar tawali'u. Shi ne kiran kowace irin wahala gicciye. Mace ta zo wurin dattawa da kumburarren ido, a ce mata ta koma ta ɗauki gicciyenta. Yaro ya kwanta da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, iyaye su ce gicciyensu ne, su tsaya ga addu'a kaɗai ba su kai shi asibiti ba. Jama'a, wannan ba koyarwar Littafi Mai Tsarki ba ce. Dukan mata zunubi ne wanda ya wajaba Ikkilisiya ta tsawata wa mai yinsa. Sanƙarau kuwa ciwo ne na lokacin zafi da ƙura wanda ke da allurar rigakafi da magani. A annobar 1996 ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, galibinsu a Arewa, a 2025 ma ya sake ɓulla a ƙananan hukumomin Gwandu da Aliero da Jega ya ɗauki rayuka. Rigakafi ya fi magani, kuma kai yaro asibiti da wuri ba rashin bangaskiya ba ne.

To, mene ne gicciyen mai bi? Kaya ne wanda ba naka ba, wanda kana da ikon ƙi, amma ka sunkuya ka ɗauka saboda Almasihu da kuma ɗan'uwanka. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da nufin kawo Bishara ƙasashen nan namu. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham kaɗai ya koma gida. Daga wannan aikin da ya yi kamar ya mutu ne mishan ta SIM ta tsiro, daga gare ta kuma aka sami Ikkilisiyar ECWA a 1954. A ƙarshen shekarun 1930 ma'aikatan mishan da 'yan ƙasa da suka horar sun karɓi aikin jinyar masu ciwon kuturta a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano, suna wanke gyambon mutanen da danginsu ma ke gudu, ba tare da sun tambayi addinin majinyaci ba. Haka nan masu bishara na ƙasar Zuru da Yawuri waɗanda suka yi ta tafiya a ƙasa da kan keke, suna noma da hannunsu domin su ci. Manomi ya san wannan darasi. A tsakiyar yunwa yakan ɓoye iri, da saukar ruwan fari ya binne shi a ƙasa, domin ƙwayar da ba ta ruɓe ba ba ta ba da zangarniya. Ubangiji da kansa ya yi wannan misali game da mutuwarsa (Yahaya 12:24).

Kalgo tana bakin hanyar da ta haɗa Birnin Kebbi da Jega, daga nan kuma hanya ta rabu zuwa Bunza. Ikkilisiyoyinmu a wannan yanki ƙanana ne, kuma taron baƙi ne: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, 'yan kasuwa daga Kudu, mutanen Zuru da Yawuri, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi wadda aka kafa a 2013. Da yawa ba su da gona ko dangi a nan. Waɗansu kuma suna ɗauke da nauyin 'yan'uwa da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi tashin da kowa ya ji a jikinsa, masu noman rani a fadama kuma suka ji shi a kuɗin man injin ban-ruwa. A irin wannan hali ne Ista take iske mu, saboda haka muna kawo shawarwari huɗu ga fastoci da katikis da dattawa.

Na ɗaya, a sake duban maganar anko. Ba laifi ba ne Zumuntar Mata ko 'yan kwaya su fito da kaya iri ɗaya ran Ista, amma idan sai mace ta ci bashi ko ta sayar da akuyarta kafin ta sami zane, ko kuwa ta ƙi zuwa sujada don kunya, to ankon ya zama abin tuntuɓe. Bulus ya tsawata wa Korintiyawa domin a taronsu wani ya ƙoshi wani yana jin yunwa (1 Korintiyawa 11:21). A yi amfani da na bara, kuɗin sabon a sayi hatsi.

Na biyu, kowace Ikkilisiya ta yi rumbu nata. A lokacin godiyar kaka, sa'ad da hatsi ke da araha, a ware kashi daga abin da aka kawo a ajiye, kada a yi gwanjonsa duka. A naɗa mutum uku amintattu, da mace a cikinsu, su riƙe littafi, a riƙa karanta lissafi a gaban jama'a. Da shigar bazara a buɗe rumbun: gwauraye da marayu da waɗanda aka kora daga gidajensu a ba su kyauta, masu ƙarfi kuma a ba su rance mudu a kan mudu ba tare da ƙari ba, musamman iri na shuka. Yusufu ya yi haka a Masar, masu bi na Antakiya ma sun aika gudummawa Yahudiya a lokacin yunwa (Ayyukan Manzanni 11:29). Inda ba a yi tanadi bara ba, a fara da baikon mudu ɗaya daga kowane gida a makon nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, maganar bashi da gaba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Akwai masu bi da ke zama a benci ɗaya, suna shan ƙoƙo ɗaya a Jibin Ubangiji, amma ɗaya yana cin ribar yunwar ɗaya. Mai ba da buhu ya karɓi biyu ya karanta misalin bawan nan da aka yafe wa babban bashi ya fita ya shaƙe abokinsa saboda ƙarami (Matiyu 18:23-35). Kafin Jumma'a Mai Kyau a sauke ribar, wanda Allah ya hore masa ya yafe uwar kuɗin ma. Wanda ake bi kuma kada ya ɓuya, ya je ya faɗi halin da yake ciki. Haka nan masu gaba da juna a kan zaɓen dattawa ko bambancin yare, su shirya kafin su zo teburin Ubangiji.

Na huɗu, a tuna da waɗanda ba sa iya zuwa. Yana rataye a kan gicciye Yesu ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirinsa, almajirin kuwa ya kai ta gidansa (Yahaya 19:26-27). Ran Litinin ta Ista matasanmu sukan fita Galili da ganguna da abinci, abu ne mai kyau. Amma kafin a fita, a raba su ƙungiya ƙungiya su kai wa tsofaffi ruwa, su gyara rufin ɗakin gwauruwa kafin iskar farkon damina, su duba marasa lafiya a asibiti da waɗanda ke gidan yari. Ɗalibin da bai sami kuɗin motar zuwa gida ba, wani gida ya kira shi cin abinci. Zumunta a ƙafa take.

Akwai sauran magana ɗaya da ba za mu tsallake ba. Muna zaune a ƙasar Gwandu, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a tsakiyar maƙwabta Musulmi waɗanda ke girmama Annabi Isa amma ba su yarda an gicciye shi ba. Wannan bambanci ne na gaske, ba ma ɓoye shi, ba kuma za a warware shi da gardama a bakin kasuwa ko zage-zage a waya ba. Daga 2022 zuwa 2024 Ista ta faɗa a cikin watan Ramadan, muna azumi suna azumi a ƙarƙashin rana ɗaya. Rijiyar da ta ƙafe ba ta tambayar addinin mai guga, kuma 'yan bindigar da suka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a Yunin 2021 sun sa iyaye Musulmi da Kirista kuka tare. Rumbun Ikkilisiya kada ya rufe ƙofa ga maƙwabci mai yunwa don ba ya zuwa majami'a. Inda aka zalunce mu kuma, gicciye ya hana mu ramuwa, gama Ubangiji ya roƙa wa masu kashe shi gafara, amma bai hana mu neman gaskiya ba. Bulus ya nemi hakkinsa a gaban hukuma, mu ma za mu ci gaba da kira ga gwamnati ta tsare rayukan talakawa duka, ta hukunta mai laifi ko wane ne shi.

Lokacin da ake fita da Yesu zuwa Golgota sojoji sun tilasta wa wani mai wucewa, Siman mutumin Kurane a ƙasar Libiya ta yau, ya ɗauki gicciyen. Markus ya ambaci sunayen 'ya'yansa biyu, alamar Ikkilisiya ta fari ta san gidan. Shi an tilasta masa, mu kuwa an gayyace mu. Kowane mai bi ya dubi wanda ke kusa da shi a sujada ran Lahadi mai zuwa, ya tambayi kansa wane kaya ne zai iya rage masa kafin ruwa ya sauka.

Allah ya ba mu Ista mai albarka, ya kawo mana damina lafiya, ya zaunar da ƙasarmu cikin salama. Amin.