Jini a kan kwalta ba ya sanye da kaki

Duk wanda ya saba bin babbar hanya mai lamba 1 ta ƙasar Togo, wadda ta tashi daga Lome ta ratsa Langabou da Sokode har Dapaong, ya san nauyin da take ɗauke da shi. Tirelolin da ke jigilar kaya daga tashar ruwan Lome zuwa Burkina Faso da Nijar da Mali duk nan suke bi, kafaɗa da kafaɗa da motocin haya da babura.

Idan ɗan sanda ya yi haɗari a bakin aiki aka ɗauke shi da jirgi mai saukar ungulu, ba ma ganin laifin hakan. Wanda ya kwana a tsaye domin mu yi barci ya cancanci fiye da haka. Abin da muke tambaya shi ne: ina makomar ɗan tireda daga zangon Sokode da aka kwantar a bayan akori-kura, jini na zuba, ana neman asibiti?

A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kusan mutum miliyan 1.19 duk shekara. Sau da yawa zubar jini ke ƙarasa wanda ya ji rauni kafin ya ga likita.

Jirgi guda ba zai wadaci hanyar da ta haura kilomita 600 ba. Muna roƙon a girke motocin ɗaukar marasa lafiya a garuruwa irin su Langabou, a tanadi jini a asibitocin Sokode da Dapaong, a kuma koya wa direbobi da ’yan sanda yadda ake tsayar da jini. Shi kuwa jirgin, a tashe shi bisa tsananin rauni, ba girman muƙami ba.

Allah Ya kiyaye hanya.