Doom Eternal: Jinin Ba Shi Ne Babban Laifinsa Ba

Duk lokacin da zancen wasannin harbe-harbe na kwamfuta ya taso a taron iyayen yara ko a ɗakin malamai, gida biyu ake rabuwa. Wasu su ce waɗannan wasanni su ke koya wa yaro kisa, a hana su kawai. Wasu kuma, galibi matasan malamai da yayyen yaran, su ce ai wasa ne, me ke ciki? Ni ban bi bayan kowa ba a cikinsu. Na farkon ba su taɓa zama sun kalli abin da suke hanawa ba, na biyun kuwa sun kalla amma sun ƙi faɗin duk abin da suka gani. Don haka bari mu ɗauki wasa guda, wanda ya yi ƙaurin suna wajen zubar da jini, mu fede shi har wutsiya. Sunansa Doom Eternal.

Kamfanin id Software da ke jihar Texas a Amurka ne ya ƙera shi, kamfanin Bethesda ya fitar da shi kasuwa ranar 20 ga watan Maris 2020, daidai lokacin da cutar korona ta kulle duniya a gida. Ci gaba ne na wani Doom da ya fito a 2016, shi kuma wancan farfaɗo da tsohon Doom ne na 1993. Labarin ba shi da wahala a farkonsa: shaiɗanu sun ɓarko daga wuta sun mamaye duniya, sun halaka fiye da rabin mutane, sai wani jarumi mai sulke da kusan ba ya magana ya fito yana karkashe su. Mai wasa yana gani ne ta idon jarumin, bindiga a gabansa.

Zan fara da abin da masu cewa a hana ba sa son ji. Wannan wasa gwanaye ne suka yi shi. Wanda ya ɗauka danne-danne ne kawai na marasa tunani, bai riƙe shi ba. A yawancin wasannin harbi, kana laɓewa bayan bango ne har ƙarfinka ya dawo. A nan babu wannan. In ka tsaya wuri ɗaya ka mutu. Harsashin da ake ba ka kaɗan ne, bindigar farko 16 kacal take ɗauka, kuma in ya ƙare ba za ka same shi zube ko'ina ba, sai ka tsaga ƙaramin shaiɗani da zarton inji harsashi ya zubo daga jikinsa. In lafiyarka ta yi ƙasa, sai ka raunata wani ka ƙarasa shi da hannu kafin ka samu magani. In sulkenka ya ƙare, sai ka cinna musu wuta. Manyan cikinsu kuma akwai masu lago: wani bindiga ce a gadon bayansa sai ka harbo ta, wani sai ka jefa masa gurneti a baki. Ke nan a cikin daƙiƙa biyar mai wasa yana lissafin abu huɗu ko biyar: me ya rage mini, wa zan fara kashewa, wa zan bari da rai don in ci moriyarsa nan gaba, ta ina zan gudu. Wanda ya san dara ya san wannan irin lissafi, sai dai a dara abokin wasanka yana jiranka ka yi tunani, a nan kuwa babu mai jira.

Malamai ƴan'uwana, akwai abin lura a nan da ya shafe mu. Wasan ba ya zuba wa mutum komai lokaci guda. Yana kawo abokin gaba ɗaya, ya nuna maka lagonsa, ya bar ka ka gwada, sannan ya haɗa shi da wanda ka riga ka sani. In ka faɗi, cikin ɗan lokaci kaɗan ka dawo ka sake, babu mai yi maka dariya, babu mai rubuta maka sifili da jan biro. Yaron da muke cewa ba ya iya mai da hankali minti goma a aji, shi ne zai maimaita fage ɗaya sau talatin har ya ci. Hankalin yana nan ashe. Mu da ke da yara tamanin ko ɗari a aji ɗaya ba za mu iya yi wa kowa haka ba, na sani, amma mu daina cewa yaran yanzu ba su da haƙurin koyo.

To, jinin fa? Akwai shi, kuma ba ɗan kaɗan ba. Ana cire ido, ana karya wuya, ana raba jiki biyu, nama yana zaftarewa daga jikin shaiɗanin yayin da kake harbinsa. Amma iƙirarin cewa wannan ne ke mai da yaro mai kisa, hujja ce da aka daɗe ana gwadawa ba ta tsaya da ƙafafunta ba. A 1999, bayan wasu ɗalibai biyu sun harbe mutane a makarantar Columbine a Amurka, an gano suna buga tsohon Doom, aka yi ta ɗora masa laifi. Jamus ta sa shi cikin jerin abubuwan da ba a tallata wa yara tun 1994, ba ta cire shi ba sai 2011. Duk da haka, a 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana cewa babu isasshiyar hujjar kimiyya da ke nuna wasannin nan ne ke haddasa aikata ta'asa, ko da yake ta ce akwai ƴar alaƙa tsakaninsu da saurin fushi, irin su tsawa da ture-ture. Wani bincike na jami'ar Oxford a 2019, a kan matasan Birtaniya kusan 1,000 ƴan shekara 14 da 15, bai samu ko wannan alaƙar ba. Mu ma in muka dubi gida, ƴan bindigar da suka hana mutanen Madarunfa da Gidan Rumji barci ba a gaban telebijin suka koyi sana'arsu ba. Uban da ya ce wa ɗansa wannan wasa zai mai da kai ɗan ta'adda, yaron ya san abokansa goma da ke bugawa ba su zama ba, daga ranar kuma ya daina ɗaukar maganar uban da nauyi a kan wannan batu. An yi asarar hujja, an yi asarar kwarjini.

Abin da ya dame ni a jinin wani abu ne daban, kuma masu cewa wasa ne kawai ba sa son a taɓo shi. A wannan wasa mugunta ita ce abincinka. Ba za ka iya zaɓen kashewa daga nesa cikin sauƙi ka wuce ba, tsarin da na yaba ɗazu shi ne yake tilasta maka ka matso ka yage abokin gaba da hannu sau ɗaruruwa, kuma kowane yagewa lada ake ba ka, da haske da sauti mai daɗin ji. Waɗanda suka ƙera wasan da kansu sun sa masa suna mai ma'anar kisan alfahari. Babban mutum yana iya kallon wannan ya gane barkwanci ne da aka zuzuta da gangan, don wani lokacin har abin dariya suke sakawa. Yaro ɗan shekara 10 bai kai nan ba. Ba ni kaɗai na faɗa ba: hukumar PEGI ta Turai ta buga masa lamba 18 a jikin kwalinsa, ta Amurka ta ce daga shekara 17. Kamfanonin da ke neman kuɗi da shi ma sun yarda ba na yara ba ne. Mu ne muka fi su sassauci.

Idan aka zo ga rauninsa a matsayin wasa, yana da shi. Sun cika shi da tsalle-tsalle da lilo a jikin sanduna da manne wa bango, har ka rasa ko jarumi kake ko biri, ga wuraren iyo a ruwa mai guba da babu wanda ya roƙa. Akwai wani abokin gaba mai suna Marauder, mai garkuwa da gatari, wanda ba ya dakuwa sai idanunsa sun yi kore. Shi kaɗai ya raba kan masu wasan, don yana tsayar da gudun da wasan ya koya maka. Sashen da ake karawa da wasu mutane ta intanet bai yi armashi ba. Har waƙoƙinsa, waɗanda kowa ya yaba, sun ƙare da rigima a bainar jama'a tsakanin mawaƙin, Mick Gordon ɗan Ostareliya, da shugabannin kamfanin. Waɗannan damuwar masu bugawa ce, ba tamu ba sosai.

Raunin da ya shafe mu shi ne labarin, kuma a nan ne na biyun ya kauce daga na farkon. A Doom na 2016 labarin gajere ne kuma yana da hankali: wani kamfani a duniyar Mars ya haƙo makamashi daga wuta don ya magance matsalar lantarkin duniya, kwaɗayi ya ja ya buɗe ƙofar da ba ta rufuwa. Duk wanda ya san yadda kamfanoni ke yi da arzikin ƙasa zai gane wannan habaici. Jarumin ma da aka fara yi masa dogon bayani ta allo, sai ya ture allon gefe ya wuce. A Doom Eternal kuwa sai suka ɗauki kansu da muhimmanci. Suka ƙirƙiro wata sama mai suna Urdak, da wasu halittu masu siffar mala'iku, suka ce su ne suka ƙulla ciniki da wuta, ana narkar da rayukan mutane ana ba su makamashi don su dawwama. Jarumin ya hau saman ya kashe shugabarsu. A ƙarin labarin da suka fitar kashi biyu, a Oktoban 2020 da Maris 2021, abin ya wuce nan: aka ce sarkin wuta shi ne ainihin wanda ya halicci komai, wanda ake kira Uba ƙwace ya yi, kuma a ƙarshe jarumin ya soke mahaliccin ya mutu.

Na san amsar da za a ba ni: tatsuniya ce, kuma marubutan ba su nufi addinin kowa ba. Na yarda ba su zauna don su yaƙi Musulunci ko Kiristanci ba, neman abin burgewa suke, kuma labarin ma a birkice yake, rabinsa a rubuce cikin dogayen shafuka da yawancin masu wasa ba sa karantawa. Amma kalmomin da suka ara, wuta da sama da mala'ika da mahalicci, ba kalmomin tatsuniya ba ne a gidajenmu. Yaron da ya tashi daga makarantar allo da safe aka koya masa mala'iku ba sa saɓa wa Allah, da yamma ya ga an nuna masu kama da su suna cinikin rayuka, ya cancanci a samu babba kusa da shi da zai ce masa ga inda wannan ya fito, ga abin da ya sa ba haka ba ne. Wannan babban ba ya nan, domin ya tsaya a kan jini bai taɓa jin labarin ba. Abin mamaki, iyaye da yawa da na sani sun fi sakin jiki da wasannin da ake harbin mutane masu kama da mu, irin su Free Fire da ke cikin wayoyin yara daga Yamai har Damagaram, don ba a ganin jini sosai.

Sai batun lokaci. Wasan da aka gina don kada ka tsaya ko daƙiƙa ɗaya ba ya sakin mutum da sauƙi, kuma wanda ya tashi daga kansa ƙarfe sha ɗaya na dare zuciyarsa na bugawa, ba barci zai yi nan take ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya kamuwa da wasannin kwamfuta cikin jerin cututtuka, abin ya fara aiki a 2022. Ba kowane mai bugawa ne ya kamu ba, kaɗan ne. Sai dai malamin da ke da darasin ƙarfe takwas na safe ba ya buƙatar hukuma ta gaya masa wane yaro ne ya kwana a gaban allo.

Sabon wasan ya kai dalar Amurka 60 lokacin da ya fito, kusan jika 35 na sefa. Yaranmu kaɗan ne za su saye shi da kansu. Inda suke haɗuwa da irinsa shi ne ɗakunan wasa na unguwa, inda ake biyan ƴan canji a zauna gaban PlayStation, da kwamfutar yayansu, da kuma YouTube da TikTok inda ake kallon wasu suna bugawa kyauta. Mai ɗakin wasa da ke karɓar dala ashirin daga hannun yaro ɗan aji huɗu ya kunna masa abin da aka rubuta wa 18, ya san abin da yake yi, lambar tana jikin kwalin da jan launi, ko wanda bai yi boko mai zurfi ba zai karanta ta. A Turai mai shago yakan nemi shaidar shekaru kafin ya sayar. Mu a nan babu mai tambaya, kuma ban ga dalilin da zai sa ƙungiyar iyayen yara ta makaranta, wadda ke iya tara kuɗin gyaran aji da sayen tebura, ta kasa tura mutum biyu su zauna da masu ɗakunan wasa uku ko huɗu da ke kewaye da makarantar ba. Ba a ce su rufe ba, sana'arsu ce, kuma ƙwallon ƙafa da tseren mota sun ishe su ciniki da rana. A ce musu mai lamba 18 sai babba, kuma ba a lokacin aji ba.

Wanda ya biyo bayansa ya riga ya fito tun watan Mayu 2025, sunansa Doom: The Dark Ages, shi ma 18 aka buga masa. Ba ya hawa tsohuwar PlayStation 4 da ta fi yawa a unguwanninmu, don haka yawancin yaran a waya za su fara ganinsa.