Ba dole sai cikin Badala ba: Matasa ku leƙa Wudil

Duk ɗan cikin birnin Kano ya san ƙarshen gidan gado: a yi ta yanka shi ɗaki-ɗaki, har saurayi ya rasa inda zai ajiye amarya. Kuɗin haya kullum hawa yake, an cike kududdufai an yi gini, Jakara kuwa ta zama magudanar ruwan datti. Amma da ka ce wa mutum ya fita daga Badala, sai ya ga kamar ka raba shi da asalinsa.

A ganina, lokaci ya yi da matasanmu za su dubi Wudil. Gari ne a bakin kogi, kimanin kilomita 40 daga Kano a hanyar Maiduguri. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ta fara aiki a 2001, ga makarantar horar da jami'an 'yan sanda, ga kasuwar shanu ta ranar Juma'a. Inda ɗalibai suka taru kuwa, tela da mai abinci da mai gyaran waya ba sa rasa ciniki. Haya ta fi sauƙi, kifi da kayan lambu kuma daga bakin kogi suke fitowa.

Ba wai babu matsala ba. Da damina kogin kan yi ambaliya, don haka mai neman fili ya guji fadama komai araharta, hukuma kuma ta hana gini a hanyar ruwa.

Masu tsoron yankewar zumunci su tuna, zumunta a ƙafa take. Mota ɗaya za ta kawo ka suna ko ɗaurin aure, ka koma ka kwana a gidanka.