Ra'ayi: Na'urar ta wa ce, ta mai saye ko ta mai sayarwa?

A ranar 21 ga watan Maris na shekarar 2002, wani dattijon ɗan majalisar dattawan Amurka mai suna Ernest Hollings, wakilin jihar Karolina ta Kudu, ya ajiye wani daftarin doka a gaban takwarorinsa. Sunan daftarin yana da daɗin ji, domin an ce an tsara shi ne don amfanin masu saye da kuma bunƙasa telebijin na zamani. Abin da ke cikinsa kuwa shi ne haramta ƙera ko sayar da duk wata na'ura da ke iya kwafar waƙa, fim ko littafi, sai fa idan an dasa mata makullin hana kwafi wanda hukuma ta amince da shi. An ba kamfanoni wa'adin shekara guda su daidaita a kan irin makullin, in sun kasa, hukumar sadarwa ta ƙasar ta zaɓa musu.

Daftarin bai zama doka ba. Amma shekaru sama da ashirin bayan haka, tambayar da ya tayar tana nan daram, kuma ta shafi kowane mahaluƙi da ke riƙe da salula ko kwamfuta, ko a Birnin Washinton yake ko a Damagaram. Mutum ya ƙirga kuɗinsa ya sayi na'ura: shin umarninsa za ta bi, ko umarnin wani kamfani da ke ƙetaren teku?

Adalci ya wajabta a fara da hujjar masu neman dokar, domin ba a banza suka yi kuka ba. Manyan kamfanonin fim da na waƙa, irin su Disney wanda shugabansa na lokacin, Michael Eisner, ya je gaban kwamitin majalisar a watan Fabrairu na 2002, sun ce intanet ta mai da satar fasaha abu mai sauƙi, kwafi ɗaya na iya haifar da dubbai ba tare da ya dushe ba. Wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Mawaƙan Nijar da masu shirya finafinai a Kano sun ga yadda kaset da faifan jabu ke riga na gaske shiga kasuwa, mai gumi ya tashi hannu banza, ɗan kwafi ya gina gida. Duk wanda ya raina haƙƙin mai fasaha ya raina aiki, kuma ƙasar da ba ta kare mawaƙanta da marubutanta ba za ta wayi gari ba ta da ko ɗaya.

Sai dai ciwo na gaskiya ba ya halatta kowane irin magani. Aikin kwamfuta gaba ɗaya kwafi ne: in ta buɗe hoto kwafarsa ta yi, in ta aika wasiƙa kwafarta ta yi. Makullin da aka dasa mata ba shi da idon da zai bambanta ɓarawo da malamin da ke ciro shafi guda don ɗalibansa, ko makahon da ke son na'ura ta karanta masa littafin da ya saya. Saboda haka hanya ɗaya ce makullin zai yi aiki, wato a ɗauki kowane mai na'ura a matsayin ɓarawo, a kuma hana shi taɓa cikin abin da ya mallaka. Wani malamin jami'ar Princeton, Edward Felten, ya yi ta jera kayayyakin da daftarin Hollings zai hau kansu, har da na'urar da kurame ke sawa a kunne. Manhajojin da kowa ke da izinin gyarawa kuwa, irin su Linux, ba su da wurin zama a ƙarƙashin irin wannan doka, tunda makullin da mai gida ke iya cirewa ba makulli ba ne.

Tarihi ma bai goyi bayan masu firgita ba. A 1976 kamfanonin Universal da Disney sun kai Sony ƙara a kan na'urar bidiyo ta Betamax, suna cewa za ta kashe sana'ar fim. A 1984 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta yanke cewa ba a kama mai ƙera na'ura da laifi matuƙar na'urar tana da amfani mai yawa na halal. Kaset ɗin bidiyon da suka so a binne shi ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗinsu.

Kamfanonin ƙera kwamfuta irin su Intel sun yi tsaye, talakawa sun yi ta aika ƙorafi, shugaban kwamitin shari'a na majalisar, Patrick Leahy, ya ƙi buɗe wa daftarin hanya, ya mutu a nan. To amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Tun a 1998 Amurka ta riga ta kafa dokar da ake kira DMCA, wadda sashenta na 1201 ya haramta karya makullin da kamfani ya sa, ko da abin da mutum zai yi bayan karyawar halal ne. Wanda ya yi haka da gangan don neman kuɗi na iya fuskantar tarar dala 500,000 da ɗaurin shekara 5 a karon farko. Daftarin 2002 ya so ya tilasta sa makulli, dokar 1998 kuwa ta riga ta sa ɗan sanda gadin duk makullin da kamfani ya ga dama ya sa.

An ga abin da hakan ya haifar. A watan Yuli na 2001 aka kama wani matashi ɗan Rasha, Dmitry Sklyarov, a birnin Las Vegas, saboda ya rubuta manhajar da ke buɗe littattafan lantarki na kamfanin Adobe. Ya kwana makonni a kurkuku, kuma a Disamba 2002 kotu ta wanke kamfanin da yake yi wa aiki. A shekarar 2001 ɗin dai, wasiƙar barazana ta sa Felten ya janye wata maƙala ta bincike a kan raunin makullan waƙa, sai bayan watanni ya samu ya gabatar da ita. A ƙasar Norwe an gurfanar da Jon Johansen, wanda yana ɗan shekara 15 ya shiga cikin waɗanda suka buɗe makullin faifan DVD a 1999, kotuna biyu suka wanke shi a 2003. A 2005 aka gano cewa kamfanin Sony BMG yana sayar da fayafayan waƙa da ke dasa ɓoyayyar manhaja a kwamfutar mai saye, manhajar da ta buɗe wa miyagu ƙofa. A 2009 kamfanin Amazon ya miƙa hannu daga nesa ya goge littattafan George Orwell daga na'urorin Kindle na mutanen da suka biya kuɗinsu, ya mayar musu da kuɗin ba tare da ya nemi yardarsu ba.

Daga waƙa da fim, makullin ya tsallaka zuwa kayan aiki. Kamfanin Lexmark ya nemi fakewa da wannan doka don hana wasu sayar da kwalin tawadar da ke shiga na'urar buga takardunsa, kotun ɗaukaka ƙara ta taka masa burki a 2004. Manoman Amurka sun shafe shekaru suna kukan cewa taraktocin John Deere ba sa yarda da wasu gyare-gyare sai da manhajar dillalin kamfani, har hukumar kare cinikayya ta ƙasar ta kai kamfanin kotu a Janairu 2025. Duk shekara uku ne ake zama a ba da ƴan sassauci, kamar na salula a 2010 da na gyaran motoci a 2015, ke nan mai kaya ya koma yana roƙon izinin taɓa kayansa.

Masu neman ƙarin makulli ba su gaji ba, masu ƙi ma ba su yi barci ba. A 2003 hukumar sadarwar Amurka ta shigo da wani yanki na burin Hollings ta bayan gida, ta umarci masu ƙera akwatunan telebijin su mutunta alamar hana kwafi, kotu ta rushe umarnin a 2005. A 2011 aka kawo daftarin SOPA mai ba da ikon toshe shafukan intanet. Ranar 18 ga Janairu 2012 shafin Wikipedia na Ingilishi ya rufe kansa yini guda don nuna adawa, cikin kwana biyu aka jingine daftarin. Ranar 4 ga Yuli 2012 majalisar Turai ta yi watsi da yarjejeniyar ACTA da ƙuri'a 478 a kan 39. Darasin a fili yake: inda ƴan ƙasa suka farka kafin a sa hannu, irin wannan doka ba ta wucewa.

Wani zai ce ina ruwan talakan Maraɗi ko Tawa da rigimar majalisar Amurka. Ruwansa ya yi tsaki, ta fuska biyu. Ta farko, Nijar ba ta ƙera salula ko kwamfuta. Abin da aka kulle a can, a kulle yake isowa nan, galibi ma bayan ya tsufa a hannun wani, kuma yaran da ke gyara a rumfunan kasuwa su ne ke tsawaita ransa. Ta biyu, waɗannan dokoki matafiya ne. Yarjejeniyar Janeba ta 1996 a kan haƙƙin mallaka ce ta buƙaci ƙasashe su kare makullan. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001, Faransa ta kafa tata dokar a 2006, Maroko ta karɓi irin sharaɗin cikin yarjejeniyar ciniki da ta ƙulla da Amurka a 2004. Da majalisar Afirka ta Kudu ta amince da gyaran doka mai sassauta wa makarantu da makafi a 2019, kamfanonin nishaɗin Amurka sun kai ƙara, aka buɗe binciken rangwamen ciniki da ƙasar ke samu. Nijar kuwa tana cikin ƙasashen yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda aka sabunta a 1999 da 2015, kuma kowa ya san tsohuwar al'adar nan ta kwaso doka daga Paris a canza mata suna kawai. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka ya kamata magabata, lauyoyi, malaman jami'a, ƙungiyoyin kare masu saye da su kansu masu fasaha su riƙe wasu ƙa'idoji kafin wani daftari ya iso teburinsu. A hukunta mai buga jabu don kasuwanci, hukunci mai tsanani, a kuma ƙarfafa ofishin kare haƙƙin masu fasaha ta yadda kuɗi zai riƙa isa hannun mawaƙi. Kada buɗe makulli ya zama laifi sai in an yi shi don sata. A rubuta ƙarara cewa gyara, karatu, bincike da hidimar makafi halal ne, kamar yadda yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 ta buɗe wa makafi hanya, kamar kuma yadda Kanada ta gyara dokarta a 2024 don halatta gyaran na'ura. Kada kuma a sa hannu a kan wata yarjejeniya irin wannan a ɗaki rufe, sai an baje ta a fili, cikin harsunan da jama'a ke ji.

Kasuwa tana da ƙa'ida tun kaka da kakanni: in an sallama, an biya, kaya ya zama na mai saye. Wanda ya sayi jaki ba ya komawa gidan dillali neman izinin ɗora masa mangala. Haƙƙin mai waƙa da haƙƙin mai na'ura duka haƙƙi ne, kuma dokar da ta tauye ɗaya don ta kare ɗayan ba ta cika sunanta ba. Rigakafi dai ya fi magani.