Hanci ba mai gadi ba ne: maganar gas ɗin girki a unguwanninmu



Duk sanda muka tayar da maganar tukwanen gas a unguwanninmu na nan Legas, amsa ɗaya muke ji: "Ai idan yana yoyo za mu ji wari." Wannan magana muke so mu yi jayayya da ita yau, domin rayukan iyalanmu ne aka jingina a kanta.

Gas ɗin girki, wato haɗin butane da propane, ba shi da launi, ba shi da warin da hanci zai dogara da shi. Warin da muke ji mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai zuba shi ake yi da gangan, wani sinadari ne da ake kira ethyl mercaptan. Kuma sai da aka yi asarar rayuka kafin zuba irin wannan wari ya zama doka. A 1937 gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Texas a Amurka, ya fashe, ya kashe kusan mutum 300, akasarinsu yara. Bayan nan ne jihar ta wajabta sa wa gas wari.

Abin da ɗan Adam ke zubawa da hannunsa kuwa, yana iya zuba shi bai kai ba. Ya faru, kuma a Amurkar. A 2016 hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta ƙasar, CPSC, ta sanar da janye galan miliyan 118 na propane na kamfanin Crescent Point Energy, saboda sinadarin warin da ke ciki bai isa ya faɗakar da mutum ba. A 2018 aka sake yin haka da fiye da galan miliyan 45 na kamfanin Western Gas. Aka ce wa masu saye kada su gwada da kansu, su kira dillalinsu ya zo ya duba kyauta. Sun iya yin haka ne don an san wa ya sayar wa wa. Mu fa? Wanda ya cika tukunyarsa a shagon bakin titi, ba rasit, ba sunan kamfani, wace sanarwa ce za ta same shi?

Ko an zuba sinadarin daidai, warin yana iya dusashewa a cikin sabuwar tukunya ko mai tsatsa. Mai mura ba zai ji ba. Dattijo hancinsa ya yi rauni, mai barci kuma ba ya sunsuna komai. Sannan gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ya bi ƙarƙashin gado da kwata, inda yaro mai rarrafe yake, ba inda hancin babba yake ba. Idan propane ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. A ɗakin haya guda inda ake girki a kuma kwana, dawowar wutar NEPA da tsakar dare kaɗai ta isa.

Wasu za su ce muna neman toshe wa 'yan uwanmu masu sayar da gas hanyar abinci. Ba haka ba ne, namu ne, kuma su ne suka fi kowa zama kusa da haɗarin. Amma juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama a shago, ga mai shayi a dama, ga mai tsire a hagu, ga iyali a sama, wannan ba sana'a ce da za mu yi shiru a kai don kunya ba. A Janairun 2020 wani shagon gas ya fashe a Sabon Tasha a Kaduna, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. A Oktoban shekarar aka yi na Baruwa a Ipaja, nan kusa da mu.

Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa kuma, ai su ma suna kulle shagunansu da daddare.

Abin da muke roƙo ba shi da tsada. A kaɗa ruwan sabulu a shafa a bakin tukunya da tiyo, in ya yi kumfa akwai yoyo. Masu gwadawa da ashana, don Allah su bari. A duba shekarar da aka buga a jikin tukunya: hukumar SON ta ce wa'adinta shekara 15 ne, alhali a gidajenmu akwai waɗanda suka girmi 'ya'yanmu na fari. A ajiye ta waje ko inda iska ke shiga, a rufe kanta bayan girki. Wanda ya ji wari kada ya taɓa makunnin lantarki, ya rufe tukunya, ya buɗe ƙofa da taga, ya fitar da kowa. Masu gidan abinci da masu hali su sa na'urar da ke ƙara idan gas ya fita, a maƙala ta ƙasa-ƙasa.

Ga shugabannin unguwanni da masu gidajen haya: ku tambayi duk mai cika gas a layinku ya nuna muku lasisin hukumar NMDPRA. Wanda ba shi da shi, ku kawo mana maganarsa ofishin ƙungiya mu zauna da shi.