Raddi ga Malamin da Ya Haramta "It Is Me"

Ranar Asabar ɗiyar ƙanwata, wadda ke shirin jarrabawar fita sakandare, ta zo mini da wani ɗan littafi mai shafi ashirin da 'yan kai, irin wanda ake gurzawa a injin kwafi. Malaminsu na Turanci ne ya rubuta, ya kuma sa kowane ɗalibi ya saya. A babin wakilin suna da aikatau da ƙananan kalmomin nan uku, a, an da the, ya kafa dokoki huɗu, ya ja wa kowace layi biyu, ya ce wanda ya saɓa musu bai iya Turanci ba. Ba zan kama sunansa ba, yarinyar tana ajinsa har yanzu. Amma tun da ya rubuta ya sayar, ya ba mu damar amsawa. Malam, a gafarce ni, ga abin da na gani.

Ka ce idan aka ƙwanƙwasa ƙofa aka tambayi wane ne, kuskure ne mutum ya ce It is me, sai dai It is I. Hujjarka ita ce is ba ya aikata komai a kan kowa, saboda haka abin da ke bayansa dole ya zo da siffar aikau kamar abin da ke gabansa. Ka kira wannan "hankali", ka ce haka yake a kowane harshe.

A nan ka fi yin tuntuɓe, domin duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Ajuruma zai tsayar da kai. Mene ne aikin kana da 'yan'uwanta a Larabci? Su yi wa suna rufu'a, su yi wa habari nasabu. Ana cewa kana Aliyyun mu'alliman, da wasalin nasabu, wato irin wanda karɓau ke ɗauka. Aliyu bai aikata komai a kan malami ba, shi ne malamin, amma Larabci bai damu ba. Da dokarka hankali ce da ta hau kowane harshe, da babban malamin nahawun Larabci Sibawaihi ma ya faɗi jarrabawarka. Bafaranshe kuma c'est moi yake cewa, ba ya taɓa sa je a wurin. Mu ma da Hausa, idan aka ce "Wa ke sallama?" cewa muke "Ni ne". Ba mu taɓa jin wanda ya ce "Na ne" ba, ko da yake na muke amfani da ita a "na zo". Muna da jerin wakilan suna masu tsayawa da ƙafafunsu, ni, kai, ke, shi, ita, kuma aikin da me ke yi a bakin Bature ke nan. Ka tambayi yaron Landan wa ke son shayi, zai ɗaga hannu ya ce me.

To daga ina dokar ta fito? Daga Latin. A can abin da ya biyo bayan aikatau na kasancewa siffar aikau yake ɗauka, kuma masu rubuta nahawun Turanci a ƙarni na 18 da Latin aka yaye su. Robert Lowth, wanda daga baya ya zama Bishop na Landan, ya sa dokar a littafinsa na 1762, sannan littafin Lindley Murray na 1795 ya cika makarantu da irin wannan koyarwa. Tun a lokacin ba kowa ya yarda ba. Joseph Priestley, mutumin da aka fi sani da gano iskar oksijin, shi ma ya rubuta nahawu, ya kuma lura cewa maganar mutane ta yau da kullum, har da ta wasu manyan marubuta, ta karkata ga me. Idan kuwa tsufa ne hujja, a zamanin tsohon mawaƙin Ingila Chaucer it am I ake cewa, ka ga kai ma sabon shiga ne. Malaman nahawun Larabci sun san bambancin abin da aka ji daga bakin Larabawa da abin da aka gina a kan ƙiyasi, kuma idan biyun suka yi karo, ji ake bi. Ban ce It is I kuskure ba ne. Babbar riga ce, tana da ranarta, musamman a rubutu mai nauyi. Amma ba a cewa wanda ya sa 'yar shara a tsakar gidansa tsirara yake.

Doka ta biyu: ka ce an tana zuwa gaban kalmar da ta fara da harufan a, e, i, o, u, ita kuwa a gaban sauran. Ka ba da misali da an egg da a book, ka tsaya inda ya yi maka daɗi. Yaron da ya haddace wannan zai rubuta an university da a hour, biyun kuma kuskure ne. Kunne ake tambaya, ba a tambayar ido. University da sautin "yu" ta fara, baƙi ke nan, sai a ce a university, haka ma a European. Hour da honest kuwa ba a furta h ɗinsu, sai an hour, an honest man. Taƙaitattun sunaye sun fi tona asiri: an NGO, an SMS, domin "en" da "es" ake furtawa. Har tsakanin Turawan kansu furuci ne ke yanke hukunci, mutumin Amurka da ba ya furta h a herb yana cewa an herb, na Ingila ya ce a herb.

Ka kuma ce a ce asali, aka ƙara mata n don daɗin baki. Juyin waina ka yi. Asalin kalmar ita ce an, daga tsohuwar kalmar da ke nufin ɗaya, wadda ta haifi one, sai n ɗin ta faɗi a gaban baƙi. Wannan n mai yawo ta yi ɓarna a tarihi. Rigar da mai girki ke ɗaurawa a gaba napron ce a da, mutane suka yi ta cewa a napron har kunne ya raba ta an apron. Nickname kuma akasin haka ya same ta, an ekename ce, ta sace n ɗin maƙwabciyarta. Duk wannan a baki ya faru.

Ta uku ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Ka ce ba a sa the sai an riga an ambaci abu. Wa ya ambaci rana kafin a ce the sun? Wa ya ambaci ƙofa kafin uwa ta ce close the door? Sharaɗin shi ne mai sauraro ya iya gane wanne ake nufi, ko ta ambato, ko ta wurin da ake, ko don abin ɗaya ne tak. Ka rikita ta da madangancin Hausa na "littafin" da "motar", wanda ya fi jingina da ambaton baya. Kama da wane ba ta wane.

Ta huɗu ita ce wadda ka fi zafi a kanta. Ka ce Somebody left their bag lalacewar zamani ce, tun da somebody tilo ne their kuma jam'i, sai a ce his bag. Wannan "lalacewa" ta girmi makarantarku da ƙarnuka. Ƙamusun Oxford ya bi sawunta har zuwa 1375, tana cikin Shakespeare, tana cikin fassarar Baibul ta 1611, Jane Austen ma ta yi amfani da ita ba sau ɗaya ba. Dokar he ce aka ɗora daga baya, har sai da majalisar Birtaniya ta zartar a 1850 cewa lafazin namiji a dokokinta ya haɗa da mace.

Idan kuma adadi ne damuwarka, me za ka ce da you are? You jam'i ce a asali, tilonta thou, aka riƙa amfani da jam'in don girmamawa har tilon ya ɓace daga maganar yau da kullum. George Fox, jagoran ɗariƙar Kiristoci ta Kwaka, ya fitar da littafi guda a 1660 shi da abokansa yana faɗa da masu ce wa mutum ɗaya you, da hujja irin taka sak. Yau kai kanka you are kake ce wa ɗalibi ɗaya, da aikatau na jam'i, ba ka jin komai. Mu da muke gaida mahaifi da "Baba, kun tashi lafiya?" bai kamata jam'i a kan mutum ɗaya ya tsorata mu ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, Malam, shi ne wurin da yaranmu suke faɗuwa da gaske layi ɗaya kawai ka ba shi a ƙasan shafi. Bahaushe yana cewa "Shi malami ne", babu wani abu tsakanin shi da malami, don haka ɗalibi zai rubuta He is teacher, ya manta Turanci ba ya barin suna tilo mai ƙirguwa ya tsaya haka nan, sai He is a teacher. Na buɗe littafin aikin yarinyar na ƙirga irin wannan sau shida a shafi biyu, har da My father is farmer, ko ɗaya jan bironka bai taɓa ba. It is me guda ɗaya da ta rubuta daidai ita ka zagaye, ka cire mata maki biyu.